Kwana tara da na yi ban ɗana tarko ba

Gobe in Allah ya kai mu zan miƙa makullin mota da takalman shiga ruwa, bayan shekara biyu ina aikin kare ɓeran ruwa a bakin wani ƙaramin kogi a kudu maso yammacin Ingila. Na san sunan ɓera kaɗai zai sa wasu su raina aikin. Wannan ba ɓeran rumbu ba ne. Ciyawa yake ci, a gaɓar kogi yake haƙa raminsa, kuma a shekarun 1990 kaɗai yawansa ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100 a Birtaniya. Babban dalili shi ne minki, wata dabba mai kama da tunku da aka kawo daga Arewacin Amurka a 1929 don a kiwata saboda fatarta. Wasu suka tsere, a 1956 aka tabbatar suna haihuwa a daji a kogin Teign, can Devon. Dokar hana kiwon ba ta zo ba sai 2000, bayan aikin gama ya gama.

A watan Fabrairun shekarata ta farko na buɗe allon sawu na sha ɗaya, wanda ya fi kowanne nisa. Katako ne mai yawo a kan ruwa, an ɗaure shi a gaɓa, da ɗan rufi a samansa, a ciki an shimfiɗa jiƙaƙƙen yumɓu haɗe da yashi. Jonathan Reynolds ne ya ƙirƙiro shi, kuma hikimarsa ɗaya ce: minki ba ya iya wuce rami bai leƙa ba, sai ya shiga ƙarƙashin rufin ya bar sawunsa a kan yumɓun. Ranar na ga sawu, yatsu biyar, ƙarami, sabo. Na tsaya ina kallo. Na san in na sa keji, dole in riƙa zuwa kowace rana, domin ƙa'ida ba ta yarda a bar dabba a tarko fiye da awa 24 ba a duba ba. Kogin ya cika, hanyar gonar ta zama taɓo, rana tana faɗuwa tun biyar, mota ɗaya muke rabawa mu uku. Sai na ce wa kaina ai sawun wata dabbar daji ce 'yar asalin ƙasar mai kama da bodari, wadda sawunta ke rikita mutum da na minki. Na shafe yumɓun, na rubuta "babu tabbas", na tafi.

Har yau ina tuna hannuna a kan yumɓun nan. A zuciyata na san ko sawun mene ne.

Kwana tara suka wuce kafin in koma in sa keji. Ya yi mako biyu a buɗe, bai kama komai ba. Wanda bai san aikin ba zai ce to me aka rasa? Fabrairu da Maris lokacin barbara ne, kuma ƙanƙantar sawun ta nuna mace ce. Ɓeran ruwa yana tsere wa dila ya faɗa ruwa, ya tsere wa tsuntsu ya shige rami. Macen minki kuwa ta iya ninkaya, kuma siririya ce, tana shiga ramin har ƙuryarsa. In ta haihu a Afrilu ko Mayu, sai ta dinga bin gaɓa rami bayan rami tana ciyar da 'ya'yanta.

A watan Yuni na bi wannan gaɓar a ƙafa da safe. A kakar da ta gabata ba ka yin taku ashirin ba ka ga tarin kashin ɓerayen ruwa ba, ko guntayen ciyawar da suke yankewa a karkace, ko ka ji tsundum ɗin faɗawarsu cikin ruwa. Ban ga ko ɗaya ba. Na zauna a kan wani kututture na daɗe ban tashi ba. A Yuli muka kama macen, nonuwanta sun nuna ta shayar.

Laifina na karɓa, a rubuce ma. Abin da har yanzu bai sauka daga maƙogwarona ba shi ne yadda shugaban aikinmu ya karanta sunana a taron masu ba da tallafi, kamar ni kaɗai ne matsalar kogin. Bai faɗa musu ba cewa tun Nuwamba na roƙi a sayo na'urar da ake maƙala wa keji, wadda ke aiko da saƙo a waya da zarar ƙofa ta rufe, ya ce babu kuɗi. Bai faɗa musu mutum ɗaya ya ɗora wa alluna ashirin da shida ba. A gabashin Ingila, da irin wannan na'urar ce ƙungiyar da Farfesa Tony Martin ke jagoranta ta yi aiki, har a farkon 2024 suka sanar cewa ba a ga alamar haihuwar minki a tsakiyar yankin aikinsu na Norfolk da Suffolk ba a 2023. Shugabanmu ya sayo na'urorin daga baya, ya kuma gabatar da shawarar a matsayin tasa. Ga wanda zai gaje ni: duk abin da ka roƙa, ka roƙa a rubuce, ka ajiye kwafi.

Sauran darussan gajeru ne. In kana shakkar sawu, ɗauki hoto ka tura wa na gaba da kai kafin ka taɓa yumɓun. Kada ka janye allo don ya yi wata shida shiru, domin a Agusta da Satumba 'ya'yan minki ke bazuwa neman wurin zama. Ka girmama manomi, ƙofar gonarsa ce hanyarka.

Kisan kuwa bai taɓa yi mini sauƙi ba. Minki bai kawo kansa ba, mutane ne suka ɗauko shi. An koya mana tun muna yara cewa in kisa ya zama dole a kyautata shi, don haka ban taɓa barin dabba ta kwana a keji ba, kuma harbi ɗaya nake yi da bindigar iska.

Tun daga Yulin nan, babu sawun da ya kwana a allona ba keji a kansa. Makon jiya na je yi wa allo na sha ɗaya bankwana. Ƙasa da shi kaɗan, a kan wani dutse, na ga sabon tarin kashi, kore, bai ma bushe ba. Na ɗauki hotonsa na sa a fayil ɗin da zan bar wa wanda zai karɓe ni.