Harafi ɗaya ya kusa ja min abin kunya a rediyo

Ƙarshen watan Yulin 2019 ne, lokacin ina sabon shiga a ɗakin labarai na wani gidan rediyo, aikina in juya labaran Turanci zuwa Hausa kafin ƙarfe shida ta yi. Ranar aka miƙo min takarda, wai babbar kotun tarayya a Abuja ta ba gwamnati izinin ta yi wa ƙungiyar IMN ta mabiya Sheikh Zakzaky abin da suka rubuta da proscribe. Ni kuwa idona prescribe ya gani, wadda na sani tun sakandare, irin ta likita in ya rubuta maka magani ko hukuma in ta gindaya ƙa'ida. Sai na zauna abina na rubuta wai kotu ta yarda gwamnati ta tsara wa ƙungiyar ƙa'idojin gudanar da harkokinta, har ina jin daɗi jimlar ta zauna.

Allah ya taimake ni editanmu ba ya barin takarda ta wuce bai bi ta da biro ba. Ya ɗago kai ya ce, "Kai yaro zo nan, haramtawa ce ka mayar tsarawa?" Na ce, "Oga ai prescribe ce." Ya ɗora bakin biro kan harafin o ɗin nan bai ce komai ba, wallahi gumi ya karyo min duk da fanka na juyawa.

Daren nan na bi kalmar har gidansu. Ashe daga Latin take, asalinta a rubuta abu a kafe a bainar jama'a. A Rum, shekara 82 kafin haihuwar Annabi Isa, wani mai mulkin kama-karya da ake kira Sulla ya riƙa kafe sunayen abokan gabarsa a dandalin gari, duk wanda sunansa ya fito jininsa ya halatta, a kashe shi a karɓi lada, dukiyarsa kuma a ƙwace. To ka ga kalma mai irin wannan tarihi ba ta wasa ba ce, shi ya sa yau ma ba a cika jinta ba sai a bakin kotu da gwamnati, kuma galibi kan ƙungiya take faɗawa, kamar Boko Haram da Ansaru a 2013, da IPOB ta masu neman kafa Biafra a 2017. In aka yi wa ƙungiya haka, zama ɗan cikinta ko tara mata kuɗi ya zama laifin da za a iya gurfanar da kai a kai.

Abin da ya fi ba ni wuya daga baya ma Hausar ce, don mu komai sai mu ce an hana. Acaɓa da aka hana a Kano a 2013, wannan shi ne abin da ake kira "ban" a Turanci, hanawa ta wadatar. Twitter a 2021 kuwa dakatarwa gwamnati ta ce ta yi, ai kuwa bayan wata bakwai ta dawo. Proscribe ita ce nake ajiye wa haramtawa, duk da wani abokin aikina yana ganin haramta ta yi kama da fatawar malamai, ni dai ban samu wadda ta fi ta nauyi ba, kuma mai sauraro a kasuwa nan take yake ganewa.

Labarin ya fita daidai a ranar, amma sunan Dakta da oga ya laƙaba min saboda prescribe ɗin likita har na bar wurin bai sake ni ba.