Burushi uku sun ishe ku farawa

Ƙannena masu koyon zane, lokacin da na fara, na ɗauka yawan burushi shi ne gwaninta. Na tara fiye da 20, wanda hannuna ya kai gare shi, shi nake tsomawa a fenti. Wata da watanni ina zargin takarda, alhali laifin nawa ne: fentin ruwa nake shafawa da burushin gashin alade, wanda aka yi shi don tura fentin mai mai kauri. Ba ya riƙe ruwa, sai dai ya kankare fuskar takarda. Fentin ruwa gashi mai laushi yake so, irin na kurege ko nailan mai taushi, wanda zai sha ruwa ya sake shi a hankali. Wanda ba ya son gashin alade kuwa, akwai na roba mai tauri da ke yin aikinsa a fentin mai.

Amma kuskuren da ya fi ci mini lokaci shi ne son ƙaramin burushi. In zan zana fuska, sai in ɗauki mafi siranta in duƙufa a kan ido ɗaya. In ɗago kai, ido ya yi kyau, fuskar kuwa ta karkace, ga shi ba na son gogewa saboda wahalar da na sha. Ku fara da mai faɗin baki, ku shimfiɗa haske da inuwa tukuna. Sannan mai zagayen baki: tsininsa na ba da siririn layi, in kun danna ya ba da mai kauri. Siririn burushin nan ya jira ƙarshe. Ukun nan sun isa. Kada lambar girma da ke jikin burushi ta ruɗe ku, 8 na wannan kamfani ba lallai ya yi daidai da 8 na wancan ba. Ku jiƙa mai zagayen baki ku girgiza, mai kyau zai koma ya yi tsini.

Burushin da na fi so, ni na kashe shi. Na bar shi tsaye cikin kwalbar ruwa ya kwana, baki ya lanƙwashe, bai sake miƙewa ba. Wani kuma fentin akirilik, wato fenti mai saurin bushewa, ya bushe masa a gindin gashi, daidai zoben ƙarfen, gashin ya barbaje. Akirilik in ya bushe, ruwa ba ya narkar da shi. Yanzu da na gama aiki nake wanke su da sabulu da ruwan da ba zafi, don zafi na sassauta gam ɗin da ke riƙe gashin, in gyara bakin da yatsa, in kwantar da su har su bushe.