Bangon falona da ramukan ƙusa goma sha ɗaya

Da muka tare a gidan haya a unguwar Rikkos da ke Jos, falon fari fat yake, ko kalanda babu. Kwana uku na yi ina kallon bangon nan kamar ɗakin jiran likita, a na huɗu na ɗauki jaka na nufi kasuwar Taminus. Na dawo da firam uku manya: hoton Ka'aba, wani ruwa mai gangarowa daga dutse da ban san ƙasarsa ba, da Ayatul Kursiyyu cikin ruwan zinare. Ban auna bango ba, ban auna firam ba. Idona ya gani, hannuna ya biya.

Da yamma maigidana ya ɗauko guduma da ƙusar katako. Ta farko ta lanƙwashe, ta biyu ta ɓantaro fulasta kamar tafin hannun yaro, ta uku ta shige luf cikin hudar bulo ta ɓace. Kafin mu haƙura mun yi wa bangon mutane rami goma sha ɗaya. Washegari kafinta ya zo, ya dubi aikinmu, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Hajiya, bangon siminti ba ya jin lallashi." Abu mara nauyi ƙusar kankare ta ishe shi. Mai nauyi kuwa sai an huda da inji, a cusa 'yar robar nan da suke kira fisha, a ɗaura sukuru a ciki. Ya kuma nuna mini wani rami da muka yi daidai saman makunnin wuta, ya ce wayar lantarki yawanci a miƙe take hawa daga nan zuwa silin. Allah ne ya kiyaye.

Ni na tsaya a kan sai an rataye su can sama, don haka na taso na gani a gidanmu, hoto da agogo duk kusa da rufi. Da Inna, mahaifiyar maigidana, ta zo ganin ɗaki, ta zauna a kan kafet ta ɗaga kai ta ce, "'Yar nan, wata muke duba ne?" Na ji kunya, amma gaskiya ta faɗa. Masu baje kolin zane suna sa tsakiyar hoto wajen santimita 145 daga ƙasa, daidai idon mutum a tsaye. Mu da rabin zamanmu a kafet ne, na ƙara saukowa kaɗan. Wanda ke bayan doguwar kujera na bar taƙi ɗaya tsakaninsa da ita, don kada mai jingina ya buge shi da ƙeya. Kuma a wannan karon sai da na yanka tsohuwar jarida daidai girman kowane firam, na manna da salatif, na kwana biyu ina kallo kafin a taɓa bango.

Ayatul Kursiyyun ba ta yi wata guda ba. Ƙanin maigidana mahaddaci ne, ya zo ya tsaya gabanta yana bi da yatsa, sai ya juyo ya ce, "Anti, an tsallake kalma a nan." Aya ta 255 a Suratul Baƙara, wadda nake karantawa bayan kowace salla, amma ƙyalƙyalin zinare ya hana ni lura. Muka sauke ta. Tun daga ranar ba na sayen rubutun aya sai wanda ya sani ya duba mini baƙi da wasali, kuma ba na rataye shi a bangon da ake miƙe ƙafa ana fuskanta, ko kusa da ƙofar bayi. Hotunan mutane ma mun kawar da su daga gabas, tunda a falon ake salla idan an yi baƙi.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne hoton aurenmu. Na sa shi a bangon da ruwa ke duka daga waje, kuma kowa ya san Agustan Jos, sai a yi kwanaki ana yayyafi rana ba ta leƙo ba. Wata safiya na ga gilashin ya yi gumi ta ciki. Na juya shi, bayan ya yi funfuna baƙi ƙirin, takardar ta manne da gilashi, da na ja sai rabin gyalena ya tafi. Bulo yana shan ruwa, firam kuma ya lafe a jikinsa, iska ba ta ratsawa. Yanzu duk abin takarda bangon ciki yake, kuma ina manna 'yan guntayen roba a kusurwoyin baya don a sami tazara. Rana ma ɓarna take yi: hoton ruwan nan mai gangarowa da ke fuskantar taga, kafin shekara ya koɗe ya zama kamar an wanke shi da bilic. Ban yi kewarsa ba.

Dabarar abin da ya cike gurbinsu daga gidan tarihi na samo ta. Mun kai yara ganin kayan Nok, wato tsofaffin mutum-mutumin yumɓu, a gidan tarihin Jos, wanda aka buɗe a 1952, muka zarce ɓangaren gine-ginen gargajiya inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya. Ina tsaye cikin ginin ƙasar nan na tuna ɗakin kakata, da jerenta na kwanuka da faya-fayai tun daga ƙasa har sama. Na je wajen Inna na roƙi faya-fayanta da ke cikin buhu, ta ba ni bakwai tana mamakin abin da zan yi da su. Na shimfiɗa su a ƙasa, na yi ta juyawa har babban mai ja da kore ya zauna a tsakiya, ƙananan suka kewaye shi ba a jere ɗaya ba. Siririyar ƙusa ɗaya ta ishi kowanne. Daga Naraguta, inda dukawa ke aikin fata, na sayo fata mai dagin Arewa na sa ta kusa da ƙofa. Allon zayyanar saukar maigidana, wanda ya shekara ashirin a ƙasan akwati, shi ya hau inda Ayatul Kursiyyu ta sauka, shi kaɗai a bangonsa.

Faifai dai yana tara ƙura. Da hunturu duk Asabar sai na sauke su na kaɗe da busasshen buroshi, don ruwa yana zubar da rininsu. Ramukan nan kuwa, goma mun toshe da fila an shafa fenti. Ɗayan da ya rage, wanda ya ɓantaro fulasta, yana nan bayan babban faifan Inna, kuma mai gidan hayar bai gan shi ba tukuna.