Daga Gusau zuwa Palandoken: yadda ake shirya hutun zamiya a kan dusar ƙanƙara

Mutumin Gusau ko Birnin Kebbi idan ya ce ya san sanyi, hunturu yake nufi, lokacin da ma'auni kan sauka zuwa wajen digiri 15 da asuba, a hura wuta a ƙofar gida, kafin hantsi kuma an tuɓe rigar sanyi. A Erzurum, birnin da ke gabashin Turkiyya a gindin dutsen Palandoken, daren watan Janairu kan kai digiri 15 ko 20 ƙasa da sifiri, kuma ko da rana tsaka ba lallai ne ƙanƙara ta narke ba. Wanda ya yi niyyar kai iyalinsa can hutun zamiya, wato wasan sulalowa daga kan dutse da dogayen alluna biyu ɗaure a ƙafa, wannan tazara ce abin da ya kamata ya fara lissafawa, tun kafin ya duba hoton otal.

Na zaɓi Erzurum ne saboda ta fi sauƙi ga irinmu. Garin Musulmi ne, ba a fargabar nama, masallatai kuma ko'ina. Akwai jirgi kai tsaye daga Abuja zuwa Istanbul, daga nan kuma tafiyar kusan sa'a 2 ce a jirgin cikin gida. Daga filin jirgin Erzurum zuwa otal-otal da ke jikin dutsen ba a kai rabin sa'a a mota. A nan aka yi gasar wasannin hunturu ta ɗaliban jami'o'in duniya a 2011, saboda haka akwai kayan aiki da masu koyarwa. Dutsen Uludag da ke kusa da Bursa ya fi kusa da Istanbul, amma kusancin nan ne ke sa ya cika maƙil a ƙarshen mako. Lokacin wasan kan fara daga Disamba zuwa ƙarshen Maris. A guji makon sabuwar shekara da hutun makarantun Turkiyya na mako 2 da ke faɗowa daga ƙarshen Janairu, domin kuɗin ɗaki kan tashi, layin hawa dutse kuma ya yi tsawo. A 'yan shekarun nan watan azumi yana shigowa cikin Fabrairu da Maris, a duba kalanda kafin a yanki tikiti. Biza kuwa a nema da wuri.

Abu na farko shi ne asibiti, kuma ina roƙon jama'a kada a ɗauki wannan da wasa. Birnin Erzurum kansa yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,900 daga teku, filin zamiyar ya fara daga wajen mita 2,200 ya haura sama da 3,000. Birnin Kebbi ba ta kai mita 300 ba, Gusau kuma ba ta kai 500 ba. A irin wancan tsayi iskar da jini ke samu tana raguwa, sanyi kuma yana matse jijiyoyin jini, bushewar iska tana zuƙe ruwan jiki. Waɗannan ukun su ne ke tayar da ciwon sikila. Yaro ko babba mai jinin SS ko SC kada a kai shi sai likitan da ke duba shi ya amince, kuma a ganina gara a canja masa wurin hutu gaba ɗaya. Mai AS ma, wanda a gida lafiyarsa lau, saifarsa na iya samun matsala a kan tudu mai tsayi idan ya wahalar da jiki. Alamar ita ce ciwo mai tsanani a gefen hagu na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, kuma wannan na asibiti ne nan take. Duk wanda bai san ko jininsa AA ne, AS, SS ko SC ba ya je ya gwada kafin tafiya. Masu hawan jini, asma, ciwon zuciya da mata masu juna biyu su ma su ga likita.

Mai cikakkiyar lafiya ma zai iya jin ciwon kai, haki da rashin barci a kwana ɗaya ko biyu na farko. Maganinsa a huta ranar da aka isa, a sha ruwa lita 2 zuwa 3 a yini ko ba a jin ƙishi, kada a hau ƙololuwa sai rana ta biyu ko ta uku. Idan ciwon kai ya haɗu da amai ko tangaɗi, a sauko ƙasa. Zazzaɓi kuwa idan ya taso, a gaya wa likita ƙarara cewa daga Najeriya aka zo, a nemi gwajin maleriya, domin likitan da ba ya ganin cutar kullum mura zai fara zato.

Sai tufafi, inda aka fi yin kuskure. Mutanenmu sukan jibga kaya masu kauri, singileti da riga da suwaita biyu, duk na auduga. Auduga tana shan gumi ta riƙe shi, kuma mai koyon zamiya yana gumi sosai. Da zarar ya zauna a kujerar hawa dutse, wadda ke rataye a igiyar ƙarfe tana kai mutane sama, iska ta buge shi, jiƙaƙƙen kayan nan su ne za su daskarar da shi. Hawa uku ake sawa. Na jikin fata riga da dogon wando masu kama jiki, na ulu ko na zaren roba, waɗanda ke fitar da gumi waje. Na tsakiya suwaita mai laushi mai riƙe ɗumi. Na waje jaket da wando da ruwa da iska ba sa ratsawa. A jikin takardarsu akan rubuta lamba, wanda aka rubuta 10,000 mm ya wadatar. Jaket da wandon ana samun hayarsu a can, wanda kuma zai bi ta Kano zai iya dacewa da masu kyau a 'yan gwanjon Ƙofar Wambai. Na jikin fata, safa da safar hannu kowa ya sayi nasa.

Safa guda ɗaya tak ake sawa, doguwa har gwiwa. Safa biyu tana naɗewa cikin takalmi ta matse jini, ƙafa ta fi yin sanyi, ga kuma kumburin fata. Kada a cusa ƙafar wando cikin takalmin, a bar shi ya rufe ta waje. Safar hannu ta zama wadda ruwa ba ya shiga, a riƙe wa yara ta biyu a jaka domin tasu ba ta kai azahar a bushe. Hular kwano dole ce ga kowa. Mata su sa ƙaramin hijabi mai kama kai a ƙarƙashinta, a cusa bakinsa cikin jaket, a nemi jaket mai tsawo da ta sauko cinya. Gyale mai lilo ko dogon mayafi haɗari ne, domin yana iya maƙalewa a ƙarfen kujerar hawa. Babbar riga da shadda a ajiye su don cin abincin dare a otal.

Rana ma tana cutarwa a wurin. Sabuwar dusar ƙanƙara tana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken rana mai ƙuna, ƙarfinsa kuma yana ƙaruwa da wajen kashi 10 a kowace mita 1,000 da aka hau. Baƙar fata ba ta kare ido. Wanda ya yini ba tabarau, da dare zai ji kamar an zuba masa yashi a ido, hawaye na zuba. A sa tabarau mai rufe ido duka, a shafa man kare rana mai lamba 30 ko sama a fuska, leɓe kuma man kaɗanya ya ishe shi. Idan yatsa, hanci ko kunne ya yi fari-fari ko toka-toka kuma ba a jin taɓi, sanyi ya fara cin naman. Kada a murza, kada a kara a wuta ko hita, domin wurin ba ya jin zafi, zai ƙone ba a sani ba. A shiga ɗaki a tsoma cikin ruwa mai ɗumin digiri 37 zuwa 39.

A shagon haya za a tambayi tsawo, nauyi, shekaru da gwaninta. A faɗi gaskiya, musamman nauyi. Da waɗannan ake saita maƙalin da ke riƙe takalmi a kan allon zamiya. Idan an ɗaure shi fiye da kima, allon ba zai saki ƙafa ba lokacin faɗuwa, gwiwa ce za ta murɗe. Idan ya yi sako-sako, allon zai fice ana tsakiyar tafiya. Allon sabon shiga idan an tsayar da shi ya kai tsakanin haɓa da hanci. Gajere ya fi saurin juyawa. Takalmin da tsawon ƙafa a santimita ake auna shi. A tsaye yatsu su ɗan taɓa gaba, idan an lanƙwasa gwiwa su ja baya kaɗan, diddige kuma kada ya ɗaga. Mutane sukan karɓi babba don jin daɗi, sai ƙafa ta riƙa yawo a ciki, allon ya ƙi bin umarni, ƙauri ya yi ta bugun bakin takalmi. Sanda kuwa a kifa ta a riƙe ƙarƙashin faifanta, idan gwiwar hannu ta lanƙwashe kamar harafin L, tsawon ya yi.

Kuɗin mai koyarwa shi ne kuɗin da na fi ganin amfaninsa a tafiyar duka. Gara a sauka a otal mai sauƙi a biya darasin sa'a 2 kowace safiya na kwana uku, da a kama ɗaki mai tsada a bar aboki ya koyar. Aboki yakan gaji ya ja mutum zuwa gangaren da ya fi ƙarfinsa. A nemi mai jin Turanci tun wajen biya. Ranar farko ba a buƙatar katin hawa dutse na yini guda, domin a ɗan fili mai sauƙin gangara za a tsaya, wanda ake hawa da shimfiɗa mai tafiya da kanta.

Abin da za a fara koya shi ne tsayawa. Ana haɗa kawunan allunan biyu kusa da juna, a bar tazarar dunƙulen hannu, a buɗe bayansu kamar harafin A. Ƙara buɗe bayan yana rage gudu har a tsaya. Juyawa kuma da nauyi ake yi: a danna ƙafar dama a tafi hagu, a danna ta hagu a tafi dama. Babbar matsalar sabon shiga ita ce jingina baya. Tsoro yana sa mutum ya ja jiki baya, nauyi ya bar gaban allon, allon ya ƙara gudu, juyawa ta gagara. Ƙauri ya zauna manne da harshen takalmi, gwiwa a lanƙwashe, hannuwa a gaba, ido a inda za a je. Mai kallon ƙafarsa shi ke karo da mutane.

Faɗuwa ba makawa, sai dai a iya ta. A faɗi ta gefe, a kan cinya da mazaunai, kada a tokare da tafin hannu, domin sanda a hannu tana iya banƙare babban yatsa ta yaga jijiyarsa. Kada a yi yunƙurin miƙewa alhali ana kan zamewa, ta nan ne jijiyar gwiwa ke tsinkewa. A jira a tsaya cak, a juyo da allunan ƙasa da jiki, a gicciye su da gangaren, sannan a tashi. Idan ya gagara, a danna bayan maƙalin da sanda a cire allo ɗaya. Wanda ya yi mako 6 kafin tafiya yana hawan bene da tsugunne-tashi sau 15 sahu uku a kullum, cinyarsa za ta ɗauke shi har la'asar. Wanda bai yi ba ya tsaya da zarar ƙafa ta fara rawa, kada ya ce bari in ƙara ɗaya.

Hanyoyin gangara da launi ake bambanta su: kore da shuɗi masu sauƙi, ja matsakaici, baƙi na ƙwararru. Makon farko kore da shuɗi sun isa. Ƙa'idar hanya ita ce wanda ke gabanka shi ke da gaskiya, kai na baya kai za ka kauce masa. Ba a tsayawa a ƙuntataccen wuri ko bayan tudu inda mai saukowa ba zai hango ka ba, kuma kafin a shiga hanya a dubi sama. Igiya ko tutar da ke bakin hanya ba a ƙetare ta, domin a wajenta ne dusar ƙanƙara ke zaftarewa ta binne mutum. A kujerar hawa a sauke ƙarfen kariya, a ɗaga kawunan alluna idan an kusa sauka. Akwai kuma wata mai ƙarfe da ake sawa a bayan cinya ta ja mutum a tsaye; wannan ba a zama a kanta, wanda ya zauna ƙasa zai sha. Yara daga shekara 4 ana karɓarsu a darasi, amma a riƙa shigar da su ɗumi bayan kowace sa'a, domin yaro ba ya faɗin sanyi sai ya yi masa yawa.

Yinin hunturu gajere ne a can. Agogonsu ya riga namu da sa'a 2, kuma a Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe 5, wato azahar, la'asar da magariba suna biyo juna kurkusa. A yi alwala a otal, a goge jiki ya bushe sarai kafin a fita, a tambayi inda ɗakin sallah yake tun ranar farko. Hukuncin kasaru da shafa a kan huffi a tambayi malami tun a gida. Waya a sa ta a aljihun ciki, sanyi yana cinye batir cikin ɗan lokaci.

A ware yini guda don cikin gari. Akwai babban masallacin Ulu Cami da aka gina a 1179, kusa da shi kuma makarantar nan mai hasumiya biyu, Cifte Minareli, ta ƙarni na 13. Garin ya shahara da gasasshen naman rago da ake kira cag kebab, wanda ake gasawa a kwance gefen wutar itace a yanko a tsinke, da shayin da ake sha da ɗan guntun sukari mai tauri a baki. Titunan suna da santsi, a sa takalmi mai zanen roba a ƙasa, a riƙa gajeren taku, hannu a waje da aljihu.

Inshorar tafiya a karanta ta da kyau kafin a biya. Da yawa daga cikin waɗanda ake saya don neman biza ba su ɗauki raunin wasan ƙanƙara ba, sai an ƙara wannan sashe daban. A tabbatar an rubuta shi a takardar, tare da kuɗin sauko da mai rauni daga dutse. Lambar gaggawa a Turkiyya 112 ce, a sa ta a wayar kowa, a kuma rubuta sunan otal da lambar uba ko uwa a takarda a saka a aljihun jaket ɗin kowane yaro.