Bakin tabarmar kacalla ya tsaya

'Yan'uwa masu koyon saƙa, albishirinku. Tabarmar da nake saƙawa da kacalla, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, ta kai kamu huɗu, na naɗe bakinta hagu da dama, kuma ko ganye ɗaya bai tsage ba a wurin lanƙwasa. Duk wanda ya taɓa zama gaban turaku cikin hunturun Sakkwato, yana jin ƙas duk lokacin da ya juyo da ganye, ya san abin da ya hana ni yin shiru.

Yadda ake kafa aikin dai kun san shi: turaku, igiyar rama a miƙe, ganye ya bi sama ya bi ƙasa, a buga da katako ya matse. Tsakiya ba ta taɓa ba ni wahala ba. Baki ne ya ƙi, wato inda ganye zai juyo ya kama igiyar ƙarshe ya koma ciki.

Ɗanyen ganye na fara sa wa, wanda na yanko a gefen tafkin Kware. Ɗanye akwai daɗin hannu, yana bin ka duk inda ka kai shi. Da ya sha iska sai ya tsuke, saƙar ta yi sako-sako har yatsa na shiga tsakani, bakin kuma ya saki igiya. Na koma ga busasshe, shi kuma ko lanƙwasa ɗaya ba ya jurewa. Sai na jiƙa shi cikin baho ya kwana, kamar yadda na ga ana yi wa kaba mai tauri. Nan ne raina ya fi ɓaci. Da safe ganyen ya kumbura, ya yi santsi, ya saƙu gwanin kyau, har na kira mutanen gida su gani. Bayan ya bushe sai ga tsukewar nan ta dawo, ga ɗigo-ɗigon baƙi na fumfuna cikin kowane ninki, ga warin ruɓa. Dami guda ya tafi a haka, damin da na biya naira 7,000 kafin mai Keke Napep ya yarda ya ɗauko min shi, saboda tsawonsa ya fi ƙarfin kabu-kabu. Ban ma sa kuɗin takalmin roba ba, wanda dole ne ga mai shiga ruwan da ke kwance, don tsargiya ba abin wasa ba ce.

Wani dattijo mai sayar da zana da asabari a Kasuwar Kara ne ya warware min. Na kai masa guntun da ya lalace, ya matsa shi tsakanin yatsu, ruwa ya tsattsafo. Ya ce, "Ɗana, wagga ciyawa ba ta son wanka, yayyafi taka so." Na ce, "Baba, to yaya zan yi da baki?" Bai amsa ba, ya zaro ganye ɗaya ya murɗa a gabana.

Ga abin da na ɗauko daga wurinsa, da abin da hannu ya ƙara min. Idan ka tsaga ganyen kacalla za ka ga cikinsa ƙananan ɗakuna ne cike da iska, ta nan ne numfashi ke kaiwa ga saiwar da ke nutse cikin laka. In ka nutsar da busasshen ganye, ɗakunan nan ne ke cika da ruwa, shi ya sa yake kumbura, kuma ruwan da ya shige can ba ya fita da wuri. Mu kuwa fatar waje kawai muke so ta yi laushi. Saboda haka ganye ya bushe sarai tukuna, a inuwa, a shimfiɗe, ana juya shi, har ya gama duk tsukewar da zai yi. Rana tana kashe masa launi ta kuma sa shi gautsi. Da magariba ka ɗebi abin da za ka iya saƙawa a zama ɗaya, ka yayyafa masa ruwa da hannu, ka naɗe cikin jiƙaƙƙen buhun algarara, ka rufe da leda, ya kwana. Da safe za ka taɓa shi ka ji sanyi da laushi, amma hannunka ba zai jiƙe ba. In ya jiƙe, ruwan ya yi yawa.

Sai matsewa, wadda ita ce na fi ganin amfaninta. Kowane ganye, kafin ya shiga saƙa, ka kama shi da ɗanyen tsumma ka ja daga tsini zuwa gindi da ƙarfi, za ka ji iska na fita. Ganyen zai kwanta ya zama kamar ɗamara. Wanda ba a matse ba, iskar cikinsa ce ke fasa fatar lokacin da aka ninke shi, kuma shi ne ke barin gurbi daga baya.

Abin da dattijon ya nuna min da hannu shi ne murɗa. Da ina ninke ganye kai tsaye a kan igiyar ƙarshe, duk nauyin ya taru a layi ɗaya. Yanzu ina ba shi rabin murɗa kafin ya juyo, ninkin ya kwanta a karkace. Kuma ba na bari gindi mai kauri ya faɗo a baki. Ina fiƙe shi da wuƙa in ɓoye shi a tsakiya, wannan gindi ta dama, mai bi masa ta hagu, don kada gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu.

Lokaci ma yana da nasa. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar garin nan ba ta barin danshi a jikin komai, ganyen da ka zaro daga buhu kan bushe kafin ka kai shi ɗaya gefen. Daga bayan sallar asuba zuwa hantsi nake aiki, a cikin zaure, buhu a rufe kusa da ƙafata, ina zaro ɗaya-ɗaya. Abin da ya rage na shanya shi nan take, ba ya kwana biyu a jiƙe.

Wani daga cikinku ya tambaye ni game da doguwar ciyawar bakin kogin nan ta Turai da masana ke kira Glyceria maxima, ko a nemo irinta a gwada. Ni ban goyi baya ba. Ciyawar ƙasar sanyi ce, tana kai mita 2, tana yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa. An kai ta Ostireliya da Niyu Zilan don kiwo, ta cinye rafuka, kuma sabon tohonta na ɗauke da irin dafin da ke cikin gyauron dawa, har ya kashe shanu a can. Mu da muke da kacalla, me muka rasa? Ku tambayi mutanen Haɗeja da Nguru. Tun da madatsun Tiga da Challawa suka sa ruwa ya daina janyewa da rani, kacalla ta toshe musu hanyoyin ruwa, ta ci gonaki, ta zama makwancin tsuntsayen jan-baki. Mu ma muna ƙarƙashin madatsar Goronyo, ruwan Rima na zuwa har cikin rani. Duk damin da muka yanke muka mai da shi tabarma, ragi ne.

Yanzu rini ya rage. Na dafa karan dafi na tsoma 'yan ganye, jan ya kama gefen da wuƙa ta bi amma ya zame daga fatar, sai wani ruwan hoda mara ƙarfi. Zan ƙara kanwa in bar shi ya daɗe a tukunya, a kan guntaye kawai, don wannan tabarmar ba zan bari komai ya taɓa ta ba. Wanda ya taɓa rina kacalla ja ya zauna, don Allah ya faɗa min ko kafin shanya yake tsomawa ko bayanta.