Talata: na je gaida Pani

Fasinjana na uku a tasi yau shi ya kai ni Greenpoint, wata unguwa a birnin New York. Rabona da unguwar ya fi shekara biyar. Da na sauke shi a Manhattan Avenue sai na ce bari in leƙa wajen Pani, tsohuwar da nake cin abinci a shagonta a da, ko ba komai mu gaisa.

Ƙofar tana nan, tagar tana nan, amma an shafe ko'ina da farin fenti, wai shagon kofi. Na shiga dai. Wani saurayi mai gemu ya ce me zan sha. Na ce ba sha ya kawo ni ba, ina tsohuwar da ke dafa abinci a nan? Ya ce shi fa ko da suka kama wurin, furanni ake sayarwa. Sai ya ɗauko waya, da kirkinsa, ya ce in faɗa masa sunanta ya duba min.

Nan na yi tsit. Pani ba suna ba ne, kamar ka ce Hajiya ne a yaren 'yan Poland. Shekara huɗu ina cin girkin matar nan, ban taɓa tambayar sunanta ba.

A 2003 'yan Poland da muke leburancin gini tare suka fara kai ni. Ranar farko da na ce ba na cin alade, ta dube ni kamar na ce ba na shan ruwa. Amma tun daga ranar ba ta taɓa mantawa ba. Pierogi, wato kwaɓin fulawa da ake cusa wa dankali da cuku a dafa, take zuba min, ta soya albasata da man shanu a kasko daban, ba ta barbaɗa soyayyen kitsen nan da suke so. Jar miyarsu barszcz kuwa sai ta dafa ƙirji ta ce babu nama a ciki. In na rage loma ɗaya, faɗa.

Lokacin ko a kantin magani yarensu kake ji. Da Poland ta shiga Tarayyar Turai a 2004, samarinsu suka koma zuwa Ingila, sabbi suka ragu. A 2005 aka sauya dokar gine-gine a bakin ruwa, dogayen benaye suka tashi, haya ta bi su. Wasu suka ƙaura unguwannin Ridgewood da Maspeth, wasu suka koma gida. Ita ban san wanne ta bi ba, in ma tana raye. Cocinsu na St. Stanislaus Kostka yana nan, da 'yan kantuna da gidajen abinci jefi-jefi.

Don kunya na sayi kofin. Kuɗinsa ya fi abin da nake biyan Pani na cika ciki.

Na haye gadar Pulaski, cunkoso har Bronx, la'asar a makare. Birkin motar ya sake kukan nan.

Uwargida ta yi tuwo da miyar kuka. Ta ce lafiya na yi shiru? Na ce gajiya ce. Kofin yana mota har yanzu, ban kurɓa ba.