Ku Auna Lanƙwasa Kafin Ku Yaba Hanya

Na tarar da wani ɗalibi a ɗakin gwaji yana murna saboda ya zana wa 'yar motarsa mai tuƙa kanta hanya da folinomiyal (wato lissafi mai ɗauke da x, x², x³ da sauransu) guda ɗaya mai babban mataki, wanda ya ratsa dukkan ɗigogin da ya jera a taswira. Na ce masa, "Yaro, dakata tukuna," domin abin da na yi ke nan ina matashi.

Layin nawa ya taɓa kowane ɗigo, amma kusa da farko da ƙarshe sai ya riƙa kaɗawa hagu da dama har motar ta daki bango. Masanin lissafi Carl Runge ya bayyana wannan matsala tun 1901, kuma bayanin yana cikin littafin da ke kan teburina, ban buɗe ba. Ba zan ɗauki laifin duka ba, tunda a lokacin babu mai duba mini aiki, amma girman kai ya fi yawa a ciki. Daga nan na koma ga hanyar da masanin lissafi Dubins ya fitar a 1957, wadda ke haɗa miƙaƙƙen layi da yankin da'ira, kuma ita ce mafi gajarta ga motar da ba ta ja da baya kuma kwanarta ke da iyaka. Har yau ina ganin zaɓin yana da hujja. Sai dai a mahaɗar layi da da'ira lanƙwasa (tsananin kwanar hanya) tana tsallakawa daga sifiri zuwa iyakarta nan take, wato ana neman sitiyari ya juya ba tare da ɓata lokaci ba, abin da ba ya yiwuwa muddin mota na tafiya. Haka na ƙona injin sitiyarin da ba ni na saya ba.

Ɗalibai, ku zana jadawalin lanƙwasar hanyarku, ku gwada shi da iyakar kwanar motar. Inda ya yi tsalle, ku sa kulotoyid, wadda lanƙwasarta ke ƙaruwa daidai da nisa, kamar yadda masu shimfiɗa layin dogo suke yi. Ku daina sauko da manhaja daga intanet kuna dannawa ba ku san cikinta ba, wannan halin naku yana ɓata mini rai. Ko da yake, gaskiya, manhajar da jama'a suka daɗe suna gwadawa ta fi wadda za ku rubuta, don haka ku yi amfani da ita, amma ku fara warware sifilayin mai mataki 3, wato gajerun folinomiyal da ake jonawa daga ɗigo zuwa ɗigo, da biro da takarda.